Gwaggo Dije da Ƙasar Sawuna

Duk wanda ya san Gwaggo Dije ya san ƙulli. Ku da kuka zauna da ita a ƙauyenmu na gefen Tabla ba sai na faɗa muku ba, amma saboda yaran da suka taso ba su iske ta ba, bari in maimaita. Yayar mahaifina ce. Mijinta ya rasu tun tana da ƙarfinta, ta dawo gida ta ce ta gama da aure, kuma ba wanda ya sake tayar da zancen. Ba abin da matar nan ba ta ƙullewa a tsumma. Gishiri ƙulli, kanwa ƙulli, allura ƙulli, irin yakuwa, garin taba, ɓarin goro, har ƙusar da ta tsinta a hanyar kasuwa. Ƙullin nan ya cika tukunya, ya cika ƙwarya, ya bi gefen zanenta yana lilo. Ba ta taɓa yar da tsumma ba. In rigarka ta yage a gabanta, tana yi maka jaje idonta yana kan wurin da za ta yanka.

Abu na biyu shi ne tambayarta. Kalma biyu ce kawai: “Ka gama?” Ka miƙe daga noma don ka sha ruwa, ka gama? Ka tashi daga akushi da sauran loma, ka gama? Har liman ta taɓa yi wa ita, ran da ya gajarta addu'ar suna saboda hadari ya taso. Ni kuwa sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta kama sunana, sai dai Mai-suna. Da wannan girmamawar take zagina.

Ita ta sa ni lakwal, kuma ba don ƙaunar boko ba. An haife ni shekarar da ƙasa ta sami ƴanci, kuma ko da na isa shiga makaranta mutanenmu ba su daina ɓoye yara ba. Ran da dogarin sarki ya zo da malamin lakwal suna rubuta sunaye, Baba ya ɗaga ni ya jefa cikin rumbu, ya rufe, ya fito yana cewa na tafi wurin kakannina. Gwaggo tana zaune tana sussuka, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta tambayi malamin ko gaskiya ne ana ciyar da yaran ƙauye a makarantar Filinge. Ya ce gaskiya ne, safe da rana da maraice. Sai ta nuna rumbu da haɓa.

“Ga shi can, shina cinye muna hatci. Ɗa mai ci kama wanga, gara gwamnati ta ɗauke shi.”

Aka zaro ni da ɗanyen hatsi cike da baki. Baba ya daɗe ba ya yi mata magana, ita kuma ta ce ta huta da surutunsa.

Da na shiga kuwa, shi ke nan na shiga hannunta. Farin da ya kashe shanun ƙasarmu ta Kurfai muna koleji ya fitar da abokaina da yawa daga aji, ni Gwaggo ta hana. Na yi lise, babbar sakandare, a Yamai, na ci jarrabawar bak, aka ba ni burs, kuɗin karatu na gwamnati, in tafi Dakar in yi digirin lisans na ilimin bayanai da na'ura. A lokacin Baba ya rasu, ita ce babba a gida, dole na je na yi mata bayani. Na ce za a koya mana yadda ake tattara takardu da labarai, a jera su, a adana su cikin wata na'ura da ake kira ordinatar, yadda duk ran da aka nemi abu za a same shi nan take.

Ta gyara zama. Ku da kuka san ta kun san dalili. Gwaggo gwanar ajiya ce, amma ba ta taɓa samun abin da ta ajiye ba. Tsumma duk ya zama launi ɗaya, ƙulli duk girma ɗaya. Ita ce ta zuba wa baƙi kanwa a shayi. Ita ce ta shuka garin taba a bayan ɗaki ta yi ta ba shi ruwa tana jiran yakuwa. In tana neman allura sai ta kwance rabin tukunya, ta ƙulle, ta manta me take nema.

“Wato in abu ya ɓace ka san inda shike?” in ji ta.

Na ce kusan haka ne.

“Tahi ka koyo. Wanga karatu na da amfani.”

Wannan “kusan haka ne” ita ta ja mini. Da na dawo hutun shekarar farko na tarar duk kasuwar Filinge ta ji cewa ɗan ƙanen Dije ya tafi bakin teku koyon gano abin da ya ɓace. Ban gama kwance kaya ba mutane suka fara sallama. Wata ta ɓatar da awarwaro, wani jakinsa ya tsinke, wani ƙanensa ya tafi Kurmi, can kudu, ci-rani ba labari. Wani Bafillace, Altine, ya taho tun daga nesa saboda karsanarsa, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa yana jiran in buga ƙasa. Na yi bayani har muryata ta dushe cewa aikina takardu ne. Ina! Gwaggo ta riga ta karɓi goron kowa ta ƙulle. Altine ya matsa mini, don in rabu da shi na ce ya duba wajen tafki. Wa zai gaya masa wani wuri daban, da zafin nan? Ya je ya iske karsana tana shan ruwa. Washegari ya aiko da ƙwaryar nono, Gwaggo ta bi gida gida tana cewa shekara guda kawai fa ya yi, ku bari ya gama.

To, yanzu ga abin da ya sa na ɗauko zancen nan. Hutun da ya rage mini shekara ɗaya in gama, shi ne ya faɗo cikin babban fari na biyu. Na sauka daga mota ban gane garinmu ba. An yi shuka ta ƙone, an sake ta ƙone. Rumbun da aka ɓoye ni ciki ba ko ƙwaya. Samari sun watse Kurmi, garken su Altine ya ƙare a hanya. Inna ta rame, ƙannena mata biyu sun daina wasa. Na duba na ga ni ne namiji babba a gidan, ina can ina cin shinkafa da kifi ina huda katuttukan na'ura. Kunya ta kama ni. A Filinge ana neman masu bak su riƙe rabon hatsin taimako, na je aka ɗauke ni, na yanke a raina cewa ba zan koma Dakar ba.

Ran da na shigo gida da buhun jar dawa a kan jaki, Inna har da hawaye. Gwaggo ta dubi buhun, ta dube ni.

“Mai-suna, ka gama?”

Na ce ban gama ba, amma karatu ya jira, yunwa ba ta jira. Ta miƙe. Ta ɗauki ƙwaryar cin tuwonta ta kife a bakin ɗaki.

Ku ji fa. Ƙasa duka tana neman abin da za ta kai baki, mace ɗaya a Kurfai ta ƙi abinci da gangan. Aka tuƙa tuwon dawa, ƙanshi ya cika gida, ta juya baya. Ta shiga daji ta tsinko anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa an yi ta sauya ruwa kafin su ciwu, shi ta koma ci. Inna ta roƙe ta. Maƙwabta suka roƙe ta. Liman ya zo ya yi mata wa'azi a kan wanda ya cutar da kansa, ta saurara har ya kai aya, ta tambaye shi ko ya gama. Kwanaki suka yi ta wucewa, tsohuwa tana ƙara lanƙwashewa, zane yana zagaye ta sau biyu. Na ji tsoro, na kuma ji haushi, don na san ba wasa take yi ba. Na durƙusa gabanta na ce in na tafi wa zai ci da su.

“Wanda yac ci da mu tun ba a haihe ka ba,” in ji ta. “Ni da innarka mu tahi Hilinge daka gidajen ma'aikata. Hannuna bai mutu ba. Amma ban cin hatcin da anka sayo da karatunka. Hwari na wucewa, shi ko rabon dawa ran da anka yi ruwa ya ƙare. Sannan ka zamna nan da rabin karatu, ka ce mu munka ja maka.”

Matar da ba ta taɓa yi wa kowa aikin lada ba, ita ce za ta je daka gidan wasu. Na ce na ji, zan koma. Ta ce in rantse, na rantse. Sannan ta ɗaga ƙwarya, ta ci tuwo malmala biyu, ta ce dawar ba ta da daɗi.

Kun san al'adarmu. In ɗa zai yi tafiya mai nisa, yakan cire takalmi a ƙofar gida ya taka ƙasa, uwa ta ɗebi ƙasar sawun ta ajiye a ɗaki, don ƙafa ta riƙa neman gida. Liman ba ya so, amma yakan kau da kai. Safiyar tafiyata na taka, Inna ta sunkuya za ta ɗiba, sai Gwaggo ta ture hannunta. Ta kwashe ƙasar sawun dama da kanta, ta ƙulle a tsumma, ta cusa mini a aljihu.

“Tahi da abinka. Ba mu ajiye ta nan, kar ƙahwarka ta tuna hanya. In ka gama ka maido.”

Inna ta fashe da kuka, mata suka riƙe baki, don ba a taɓa ganin an yi haka ba. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai. Na ji kamar an kore ni daga gidan ubana. Na shiga motar Yamai ban waiwaye ta ba.

A filin jirgin Dakar ɗan duwan mai binciken kaya ya lalubo ƙullin. Ya kwance, ya shinshina, ya ɗanɗana, ya tofar. Na ce ƙasar ƙofar gidanmu ce. Ya ce su ma uwarsu tana yin haka, amma a gida take ajiyewa, ni tawa korata ta yi ke nan? Na ce ya tambayi Gwaggo. Ya ƙulle ya miƙo mini yana dariya.

Shekarar nan ban taɓa karatu irinta ba. Na ajiye ƙullin a kan teburina. Na'urar makaranta guda ce, layi ake bi, ka kai tarin katuttukanka a saka, huji ɗaya ya kauce ta tofo maka aikin duka, ka koma baya. Sau da yawa na tashi zan tattara kaya, sai idona ya faɗa kan tsumman nan, in ji kamar ana tambayata. In koma in zauna. Duk wanda ya zo daga gida na tambaye shi, sai ya ce lafiya lau, ba ya ƙarawa. Daga baya na ji ita ta bi su ɗaya ɗaya ta ja musu kunne.

Na ci jarrabawa, na kare aikina gaban malamai, aka ba ni lisans. Da na dawo an yi ruwa, hatsi ya kai gwiwa. A Filinge na same ta, bayan kasuwa, a gidan wani ma'aikaci, tsaye kan turmi, tafin hannunta duk ya tsattsage. Ba ta ajiye taɓarya ba.

“Ka gama?”

“Na gama, Gwaggo.”

Na miƙa mata takardar. Ta murza ta da yatsa, ta ce tana da kauri, ta maido mini. Sannan ta buɗe hannu. Na zaro ƙullin na ba ta, ina jiran wata babbar magana. Da muka isa gida ta zazzage ƙasar a ƙofa, ta kakkaɓe tsumman, ta ƙulle gishiri a ciki. Ashe tsummanta take bi.

Ta yi shekaru bayan haka, ina aiki a Yamai ina zuwa. Kullum na ce ta bari in jera mata ƙulle-ƙullenta, tun da don haka ta tura ni, sai ta ce na gwamnati na karanta, wannan nata ne. Har ta koma ga Allah ba ta bari na taɓa ba, kuma har ta koma tana zuba kanwa a shayi.

Bayan sadakar bakwai muka shimfiɗa tabarma, ni da Inna, muka juye tukunya da ƙwarya. Mai lisans ya samu aikinsa. Na kwance, na ware, kanwa nan, iri nan, allurai nan, waɗanda ta yi shekaru tana zargin maƙwabta da su. Muna yi muna dariya. Sai Inna ta miƙo mini wani ƙulli daban, ɗaure da igiya, ya yi baƙi ya yi santsi saboda gumi. Ta ce wannan ba daga tukunya yake ba, a ƙugunta masu wanka suka same shi. Na kwance, na ga ƙasa.

Inna ta ce ran nan da na tafi, motata tana ɓacewa Gwaggo ta koma ƙofar gida da sauri, ta kori kaji, ta durƙusa ta kwashe sawun hagu. Ta ce wa Inna ƙafa ɗaya ta karatu ce, ɗayar tata ce, kuma in ta kuskura ta gaya mini ba ta yafe ba. Da shi ta yi dakan Filinge, da shi take kwana. Ko da na dawo ba ta kwance shi ba, wai ai Yamai ma tafiya ce.

Duk cikin ƙullin Gwaggo, wannan kaɗai ne ba ta taɓa mantawa da inda yake ba. Na mayar da ƙasar na ƙulle, na kasa ci gaba da aikin. Inna ba ta tambaye ni ko na gama ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo Dije, ya yafe mata kurakuranta, ya sanyaya ƙasar da take kwance ciki. Yadda ta hana kanta don mu tsaya, Allah ya ciyar da ita daga abincin Aljanna. Amin.