Baba da jirgin da aka yi wa fenti

Jiya ina kakkaɓe akwatin Baba sai ɓawon kawa, irin katantanwar nan ta cikin ruwa, ya faɗo, ƙarnin kogi ya buge ni. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa.

Baba ɗan tudu ne, haifaffen Dabai, bai taɓa yarda da ruwa ba, balle masu jirgi. Duk rani yana zuwa Yawuri sayen busasshiyar kawa, kuma ba ya shiga kwale-kwale sai ya durƙusa ya ƙwanƙwasa katakon da 'yan yatsu, ya kasa kunne.

Shekarar da na raka shi, ga jirgi shuɗi mai sheƙi, mai shi yana ta kira. Baba ya ƙi, ya nufi wani tsohon jirgi wanda ɓawon kawa ya kakkarce cikinsa. Kunya ta kama ni, na ce, "Haba Baba, kowa ɓarawo ne a wurinka?"

Ya ce, "Ɗiyata, jirgin aiki ba ya kwalliya. Mi yake ɓoyewa ƙarƙashin fentin nan?"

Na hau ina kumbure-kumbure. A tsakiyar kogi muka wuce shuɗin jirgin, ruwa a cikinsa har idon sawu, mata na kwarfewa da ƙwarya, ana jefar da buhuna. Baba bai ko dube ni ba.

Har ya mutu haka yake ƙwanƙwasa mutane, kuma ya ɓata wa wasu rai a banza. Ya Allah, kada Ka bincike shi yadda yake binciken jirage. Ka rufa masa asiri, Ka haye da shi lafiya.