Baƙin da Muka Tarar a Bututun Hayaƙi

Ko na manta duk ginin da na yi a Birnin Gwari, ba na jin zan manta Larabar da muka kunna wuta a gidan dutse. Tsohon gida ne a bakin gari, an ce wa wani ma'aikacin gandun daji aka gina shi tun da daɗewa. A falonsa akwai murhun jin ɗumi, wato rami a jikin bango inda ake hura wuta, hayaƙin ya bi bututun dutse ya fita ta saman rufi. Daga baya wata makarantar kwana ta mai da gidan ɗakin girki.

Shugabar masu girki ita ce Inna Talatu, dattijuwa 'yar Gbagyi. Ramin bangon ba ya ɗaukar tukunyar tuwon ɗalibai, don haka a tsakiyar falo suke girki kan duwatsu uku. Hayaƙi ya ci mata ido har likita ya ce ko a canja murhu ko ta ajiye aiki, ita kuwa da aikin take riƙe da jikokinta.

Saura mako guda a dawo daga hutu aka turo mu gina murhun zamani mai cin itace kaɗan. Ni ne babban magini, sama da ni akwai Injiniya Bala mai duba aiki. Yana zuwa ya ce a rushe tsohon bututun, a fasa kwano a sa sabo.

Na ce, "Ranka ya daɗe, damina ce fa. In muka buɗe rufin nan, ruwa ba zai bar mu mu gama ba. Dutsen nan lafiyarsa lau."

Ya ce, "To, Malam Sani, gwada. In ya ja hayaƙi na yarda, in bai ja ba sai guduma."

Ƙa'idar aikin ita ce ka fara hawa sama ka leƙa, ka zura igiya da dutse a bakinta ka tabbatar hanya a buɗe take, sannan ka gwada da wuta. Ni kuwa tsaninmu gajere ne, ga ɗokin nuna wa Injiniya gaskiyata. Sai kawai na tara busasshiyar ciyawa a ramin na ƙyasta ashana.

Hayaƙin ya ɗan hau, ya dawo mana. Sai muka ji wani gunji daga cikin bango kamar injin niƙa. Inna Talatu ce ta fara ganewa.

"Zuma ce! Ku fita!"

Ban san Injiniya na da gudu haka ba. Ta taga ya fice, takardun aiki a kansa, takalmi ɗaya a ƙafa. Ni da na tsaya kashe wuta, ɗaya ta same ni a leɓe, kafin azahar bakina ya yi suntum. Da muka taru ƙarƙashin mangwaro, Inna Talatu ta dube ni ta yi dariya har da riƙe ciki.

Injiniya yana haki ya ce, "Malam Sani, ka gani? Guduma!"

Bakina ba ya motsi, sai Inna ta karɓa. "Yallaɓai, da bututun nan yana yoyo ko ya tsage, zuma ba za ta zauna a ciki shekara da shekaru ba. Toshewa kawai ya yi." Sai Injiniya ya ce a ba mu kwana biyu.

Ta aika aka kira ƙanenta mai ɗiban zuma daga ƙauye. Washegari ya hau da dogon tsani, ya kwashe saƙar tas, bokiti biyu cike. Mu kuma muka kankare kakin da kunkunniya, domin in aka bar su suna iya kamawa da wuta a cikin bango. Bututun ya yi wa sabon murhu faɗi, hayaƙi zai huce a hanya ya ƙi hawa, saboda haka mai walda ya haɗa mana bututun ƙarfe muka zura a ciki har sama. Muka gina murhun muka haɗa shi da bututun ƙarfen, muka toshe bakin ramin da bulo, muka bar 'yar ƙofa ta shara, muka sa raga da hula a ƙoli.

Ran Litinin aka hura wuta. Hayaƙi ya miƙe sama, falon ya yi wasai. Inna Talatu ta tuƙa tuwo ba ta share ido ko sau ɗaya ba, ta kuma dama mana kunu da zumar. Injiniya kofi uku ya sha. A ɗakin girkin nan ta ci gaba da aiki har ta yi ritaya don kanta.

Ku da kuke tasowa, tsohon gini yakan yi amfani in an bincika shi, amma kada ku kunna wuta ƙarƙashin bututun da ba ku leƙa ba. Kuma in mai ɗakin girki ta yi magana, ku ajiye guduma ku saurara. Ni na iya gini, Injiniya ya iya lissafi, amma a ranar Inna Talatu ce ta ceci aikin.