Shuni a Ƙafar Inna

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka Inna ba ta kiran sunana. Haka al'ada take a wurinmu, babu wanda yake ganin abin mamaki a ciki. In tana so in ɗauko mata ludayi sai ta ce "Ke," ko kuma ta dubi bango ta ce ludayi yana bayan randa, ni kuma in gane. Tun da aka yaye ni Kaka, mahaifiyar Baba, ta ɗauke ni zuwa ɗakinta. Gida ɗaya muke a Kankiya, amma a tabarmar Kaka nake kwana, hannunta nake riƙewa in za mu biki Kusada. Ƙanwata kuwa, wadda take goye a lokacin, Inna takan kira sunanta sau babu iyaka kafin azahar, har da waƙa.

Zamanin Turawa ne, ina aji uku na elementare. Baba malamin gona ne na En'e, kuma a Katsina ya yi karatu. Wata rana bayan la'asar, an gama yankan gero, makaranta tana hutu, ya zauna a tsakar gida ya ce zai kai mu mu ga birni. Inna 'yar Kaikai ce, ba ta taɓa wuce Kankiya ba.

Ya ɗauki guntun kara ya zana hanya a ƙasa. Ga Kankiya, ga Charanchi, ga ƙofar birni. Ya yi da'ira, ya ce ganuwa ke nan. Ya kafa tsinke a tsakiya, ya ce hasumiyar Gobarau ce.

"Ba gaggawa za mu yi ba," in ji shi. "Kwana biyu gidan Gwaggo. Ranar farko hutu. Rana ta biyu mu fita da sanyin safiya, mu ga hasumiya, mu ratsa kasuwa, kafin rana ta yi zafi mun dawo saboda jaririya. In an gaji a zauna. Abu ɗaya nake so kowa ya riƙe. Wanda ya ga ba ya ganin sauran, ya tsaya inda yake. Kada ya nemi kowa. Mu za mu nemo shi."

Bai dube ni ba da ya faɗi haka, shi ma yana da tasa kunyar, amma na san da ni yake.

Ban damu ba a ranar, don na ɗauka Kaka za ta je. Saura kwana uku gwiwarta ta kumbura. Ta zauna a bakin ƙofa tana shafa mata man shanu, ta ce ita da mota sai dai a gaisa daga nesa.

"Mi kike zare ido, ƙawata?" ta ce mini. "Ke da kika iya karatun Nasara? In kin ɓace sai ki karanta hanya ki dawo."

Wasa take yi, amma ni ban yi dariya ba. Akwai wata yarinya a ajinmu da ta ce mana duk yaron da ya ɓace a birni 'yan doka ne ke tsince shi, su kai wa Bature, a sa shi mota zuwa Kano, daga nan jirgin ƙasa, ba a ƙara jin labarinsa. Ta rantse da Allah. Ban san ko gaskiya ba ne, kuma ban iya tambayar kowa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, in na ɓace, wa zai kira ni? Kaka tana gida. Baba ba ya ɗaga murya a hanya. Inna kuwa "Ke" kawai ta iya, kuma kowace yarinya a birni "Ke" ce.

Inna ta daka dakuwa, ta yi fura ta zuba a gora. Na lura ta ƙulle dakuwa uku daban a bakin ƙyalle ta ajiye kan kayana.

Motar da muka shiga babba ce mai bodin katako, an gitta alluna a ciki ana zama. Na zauna tsakanin buhun gyaɗa da gwiwar Inna. Duk ramin da muka faɗa sai jikina ya bugi nata, in yi sauri in janye. Itatuwa suna gudu baya, kaina yana juyawa, na kafa ido kan wata ƙusa da ta lanƙwashe a jikin allo har muka isa Charanchi. A nan aka tsaya aka zuba wa mota ruwa. Baba ya ce kowa ya sauka ya miƙe ƙafa. Ban sauka ba, ina tsoron ta tashi ta bar ni.

Gwaggo yayar Baba ce, doguwa, mai murya. A gabanta kunyar Inna ta ninka. Ko inda nake ba ta duba. Da aka kawo tuwo, Gwaggo ce ta ce in matso, ita ce ta shimfiɗa mini tabarma.

Ranar fita, muka jera kamar yadda aka saba. Baba a gaba da nisa, don namiji ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da mata. Gwaggo da Inna a baya, kowacce da baƙin mayafi, ƙanwata a bayan Inna. Ni kuma a tsakiya, ba na wurin kowa. Wani lokaci in yi sauri in kusa Baba, wani lokaci in ja baya in ji muryar Gwaggo tana nuna wa Inna gidajen mutane. Lungunan birni ba kamar namu ba ne. Katanga doguwa dama da hagu, duk kala ɗaya, kuma kowane lungu yana haifar wani.

Sai muka zo marina. Ban taɓa ganin irinta ba. Ramuka ne a jere, cike da ruwan shuni, kumfa mai sheƙi tana yawo a sama kamar wuyan tattabara. Wani tsoho yana tsoma farin ƙyalle. Da ya ɗago shi, sai na ga kore ne, ba baƙi ba. Yana riƙe da shi a iska, a kan idona ya rikiɗe ya koma shuɗi. Na tsaya in ga ko na biyun ma haka zai yi. Haka ya yi. Hannun tsohon shuɗi ne har gwiwar hannu, faratansa sun fi ko'ina duhu.

Da na ɗago kai, babu Baba, babu Gwaggo, babu Inna.

Can gaba na hango mace da baƙin mayafi da goyo tana shan kwana. Na ruga na bi ta, lungu ɗaya, lungu biyu. Da na kusa, sai na ga ƙafar jaririn a waje. Babu munduwar da Kaka ta sa wa ƙanwata a ƙafa. Matar ta waigo, fuskarta da zane irin wanda ban sani ba.

A nan na tuna maganar Baba, kuma na gane na riga na karya ta. Ina zan tsaya, inda nake yanzu ko inda na ɓace? Na ji warin shuni daga hagu, na bi warin da hancina har na koma marina. Na jingina da katanga kusa da ramin tsohon, na matse ƙullin dakuwa a hannu.

Ban san tsawon lokacin ba. Na dai ga inuwar katangar ta janye daga yatsun ƙafata. Mutane suna wucewa, jakuna da itace, mata da ƙorai a ka. Daga wani gida ana bugun tufa. Na so in yi kuka da ƙarfi, amma ko a aji ba na iya ɗaga murya, balle a garin mutane.

"Ɗiyar wa ce ke?" in ji tsohon. "Tun ɗazu kina nan. Aiko ki aka yi?"

Na buɗe baki, babu abin da ya fito.

"Kurma ce halan," wani marini ya ce daga raminsa.

"Kurma ba ta kallon bakin mutum haka. Baƙuwa ce. Dubi kitsonta, na ƙauye ne." Ya share hannu a gefen wandonsa. "Bari ɗan doka shi zo, shi ya san yadda ake yi da su."

Na bi inda ya nuna da ido. Ga shi nan tafe daga bakin lungu, da jar hula da faffaɗar ɗamara, yana kaɗa kulki a hankali. Na ga motar Kano, na ga jirgin ƙasa da ban taɓa gani ba, na ga Kaka a bakin ƙofa tana shafa gwiwa tana jira. Fitsari ya kusa zubo mini. Tsohon ya ɗaga shuɗin hannunsa ya yafito shi.

Sai na ji an kira sunana.

Ban amsa ba. Muryar mace ce, mai ƙarfi, a fashe, kuma ban san ta ba. Na ɗauka wata uwa ce take neman tata 'yar mai suna irin nawa. Aka sake kira, aka sake, yana matsowa. A na huɗu ne ƙanwata ta tsala kuka, kuma kukanta na sani.

Inna ta fito daga lungu a guje. Mayafinta ya zame zuwa kafaɗa, kanta a waje a gaban maza, takalmi ɗaya a ƙafarta. Ba ta bi ta hanya ba, ta ratso tsakanin ramukan, ƙafarta marar takalmi ta faɗa cikin kwatar da ake zubar da ruwan rini. Ta cafki wuyan hannuna. Riƙon ya yi zafi.

"Taki ce?" ɗan dokan ya tambaya da ya iso.

"Tawa ce," ta ce.

"To a riƙa riƙe su, birni ne nan." Ya wuce abinsa. Ko dubana bai sake yi ba.

Muna tsaye haka Baba da Gwaggo suka ɓullo. Inna tana ganinsu ta saki hannuna kamar ta taɓa garwashi, ta ja mayafi ta rufe kai. Ta dubi katanga ta ce, "Ga ta nan."

Da yamma Gwaggo ta ba maƙwabtanta labari, tana dariya har da hawaye, a nan na ji yadda aka yi. Tun da suka sha kwanar farko Inna ta ga ba na gabanta, sai ta ce a ranta ina wurin Baba. Shi kuma ya ɗauka ina wurin mata. Da suka isa gindin hasumiya ya tsaya ya juyo, ya dubi gefen Inna, ita ta dubi gefensa. Kowa ya gani, babu wanda ya iya tambaya. Gwaggo ba ta lura ba, tana ta bayanin tsawon hasumiya.

"Sai na ji ta ce, 'Na yar da abu,'" in ji Gwaggo. "Na ce mi kika yar, ɗankunne? Kafin in rufe baki ta zura da gudu. Jama'a, ashe bakin nan ya san sunan! Duk unguwa an ji. Ni da na ɗauka ba a gaya mata ba ranar suna!"

Matan suka yi ta dariya. Inna tana tsugune tana wanke ƙafa, kanta a ƙasa. Ta cuɗa da sabulun salo, ta goge da dutse, shunin bai fita ba.

Ban ga hasumiyar ba sai daga nesa, ta saman katangar Gwaggo. Baba ya ce yawo ya isa haka. A motar komawa na sake zama kusa da gwiwar Inna. Da muka faɗa rami jikina ya bugi nata, ban janye ba, ita ma ba ta matsa ba.

Kaka tana ganinmu ta hango ƙafar. "Wannan wane irin lalle ne na birni?"

"Santsi ne ya kwashe ni," in ji Inna, ta shige ɗaki.

Kaka ta dube ni, ta kama hannuna ta juya shi, ta ga sawun farce huɗu a wuyan hannun. Ta saki hannun ta koma shafa gwiwarta, ita da ba ta barin magana ta wuce ta.

Inna ba ta sake kiran sunana ba har ta bar duniya. Washegari ma "Ke" ta ce, ludayi yana bayan randa. Amma shunin ya yi kusan sati biyu a ƙafarta. Kullum da safe in tana shara nakan zauna a bakin ƙofar Kaka ina duban diddigenta. Ya fara barin tafin ƙafa, sannan idon sawu, ya saura cikin faso da gefen babban farce. Ranar da na duba na ga babu, sai na shiga ɗakin Kaka na yi kukan da ban yi ba a marina.