Kwanon Naman Inna

Akwai wata Babbar Salla da ta same mu a Gumel, wadda har in koma ga Ubangijina ba za ta fita daga raina ba. Lokacin ba mu daɗe da tarewa a wani gidan haya ba, ni da maigidana da yaranmu biyu. Shi bakaniken manyan motoci ne, ya fi zama a Maigatari. Mu kaɗai ne Kirista a gidan. Mai gidan kuwa wata tsohuwa ce, kowa Inna yake ce mata.

Ni tun ina ƙarama mai yawan damuwa ce. In na yi addu'a sai in sake, don kada ya zama hankalina ya tafi wani wuri a tsakiya. A ganina a lokacin, kusantar Allah shi ne mutum ya yi ta kaffa-kaffa kada ya taka wani abu.

Washegarin Salla da hantsi sai ga Inna da sallama, riƙe da kwano a rufe. Ba aike ta yi ba, da ƙafarta ta zo, ga ciwon gwiwa.

"'Yata, ga na yara. Har da hanta na sa miki, na ga kin rame."

Na durƙusa na karɓa hannu bibbiyu, na yi godiya. Tana juya baya gabana ya faɗi. Na tuna a ƙauyenmu na taɓa jin wani yana cewa bai kamata Kirista ya ci naman layya ba. Wasu kuma na sha ganin suna ci. To ni wanne zan bi? In na ci, ko na saɓa wa Allah? In na zubar, na wulaƙanta abinci. In na mayar, na ci mutuncin tsohuwa. Ga shi dole kwano ya koma, kuma na san za ta tambaye ni yadda na ji naman, ni kuwa ba na iya ƙarya.

Na tura kwanon ƙarƙashin gado. Ƙamshi ya cika ɗaki, yara suka dame ni da kuka. Na kira maigidana, wayarsa ba ta shiga. Na durƙusa zan yi addu'a, bakina ya kasa.

Da abin ya ishe ni, na lulluɓe kwanon da mayafi na fice, na nufi gidan wata dattijuwa ta zumuntar matan cocinmu, mai tuyar ƙosai. Na zayyana mata komai. Ta buɗe kwanon, ta sunkuyar da kai ta yi godiya ga Allah, ta ɗauki tsoka ta kai baki.

"Kai, tsohuwar nan ta iya suya!"

"Mama, wai ba laifi?"

"Ke dai kin mai da Allah kamar ma'aikacin kan iyaka, wanda ke bincikar kaya ko zai kama ki da wani abu. Uba ne fa. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ba wanda ya tilasta miki ki ci. Amma tun ɗazu zancen kanki kawai kike yi. Ita wadda ta kawo fa, kin tuna da ita?"

Gaskiya ban tuna ba.

Ina shiga gida na tarar da Inna zaune a kan tabarma a tsakar gida. Ashe ta ga fitata. Ta dubi mayafina, ta kawar da kai.

"'Yata, in addininku ya hana, ai da kin faɗa mini, ba zan ji haushi ba. Wadda ta zauna a ɗakin nan kafin ke, a bola na tsinci naman da na kai mata. Ba ni kwanona kawai."

Har yau ina jin muryar nan. Ba faɗa a ciki, sai karaya. Ni da nake ta gudun kada in ɓata wa Allah rai, ga baiwar da ya halitta na bari tana zaune da ciwo a zuci.

Na zauna a gefen tabarmarta, na buɗe kwanon, ta ga namanta yana nan. Na kira yara, muka yi addu'ar godiya, na ɗauki hantar nan na ci a gabanta. Inna ta yi ta kallona, can sai ta fashe da dariya.

"A hankali, uwar tsoro, kada ki shaƙe a ce ni na kashe ki!"

Da zan mayar da kwanon na wanke shi tas, na sa mata sabulu a ciki. Da Kirsimeti ta zo kuma, na kai kazata wurin ɗan Inna ya yanka, don in na dafa ita ma ta ci hankali kwance. Ta ci, har ta ce gishirina ya yi yawa.

Damuwa ba ta rabu da ni duka ba, har yanzu nakan maimaita addu'a. Amma ranar nan ta koya mini cewa tsoron yin kuskure bai isa ya kai mutum kusa da Allah ba. Wanda yake son ya yi kama da Ubansa na Sama, sai ya ɗaga kai ya dubi wanda ke tsaye a ƙofarsa da kwano a hannu.