Bene Mara Tagar Yamma

Shekarar da aka kawo sojoji aka sauke su a gefen Gwarzo, kowa a majalisarmu ta bakin tasha ya yi jugum, ni kaɗai nake murmushi. Su suna tambayar me ya kawo soja garinmu, ni kuwa ina tambayar ina sojan zai ajiye iyalinsa. Sansanin nasu tantuna ne kawai da buhunan yashi. Na ce a raina, to, ga kasuwa ta biyo ni har gida.

Ni fa boko ban yi wani mai yawa ba. Na shiga aji, malam ya ga kaina, na ga bulalarsa, muka rabu lafiya. Amma a ganina Allah ya ba ni hancin kasuwa. Hancin nan ne ya kai ni dillancin awaki, ya kai ni sayar da taki, ya kai ni kiwon kajin da suka mutu rana ɗaya kamar sun haɗa baki. Abin da ya rage mini a duniya gonar gado ce a Lakwaya. Ita na sayar.

Uwar 'ya'yana ta dube ni ta ce, "Malam, gero ake ci. Ban taɓa jin wanda ya tuƙa tuwon bulo ba."

Na ce, "Ke dai zuba ido. Nan gaba kaɗan Hajiya za a riƙa kiran ki."

"Allah dai ya sa kada mu ma mu koma 'yan haya."

Filin da na saya yana ƙarshen gari ta yamma, jifa kaɗan da sansanin. Wanda ya nuna mini shi taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, gidansa ma yana jikin filin, ta yamma da shi. Tun muna yara kowannenmu yake cewa ɗayan bawansa ne, har muka yi furfura ba a raba gardamar ba. Manomi ne, yana da 'yan shanu a bayan gida. Gidan kuma cike yake: matarsa, matan 'ya'yansa, da jikoki kamar 'yan tsaki.

Na ɗauko magini daga Kabo muka tayar da bene, ɗakuna ciki da falo, kowanne da kicin da banɗakinsa, irin na birni. Mutane suna zuwa kallo. Ni kuwa ina tsaye da hula a karkace, ina ba da umarnin da magini ba ya bi.

Da ginin sama ya kai tsayin taga, sai ga taubashina ya hawo tsani yana haki. Ya tsaya a ɗaya daga ramukan tagogin yamma ya leƙa, sannan ya juyo.

"Kai bawa, zo nan. Me kake gani?"

Na leƙa. Tsakar gidansa ce tas, har murhu, har igiyar shanya, ga wata surukarsa tana wa yaro wanka ba mayafi. Na yi maza na sunkuyar da kai.

"To," in ji shi, "abin da sojojin naka za su riƙa gani ke nan."

Ban yi musu ba, don ba abin musu ba ne. A wurinmu ba a buɗe taga ta kalli cikin gidan wani. Zaure ma sai da sallama ake wuce shi, balle a leƙo mutane daga sama. Ba mu bari ta kai ga mai unguwa ba. Ranar na sa magini ya toshe su duka, bangon yamma ya tashi sumul kamar ƙeyar mai sanƙo.

Wanda ya fara zuwa neman haya wani saje ne, dogo, mai ƙarancin magana, Hausarsa ta bariki amma tana fita. Na hau da shi sama ina ta zuba: ga tayil, ga fanka, ga famfo. Bai kalli ko ɗaya ba. Ya nufi bangon yamma ya ɗora tafin hannunsa a kai.

"Baba mai gida, ina taga?"

Na yi masa bayanin maƙwabci da iyalinsa. Ya saurara har na gama.

"Me ke bayan gidan maƙwabcin?"

"Gonaki."

"Bayan gonaki fa?"

Daji ne, da 'yan siraran hanyoyin babur da suke ratsa shi har ƙasar Katsina.

Saje ya sauke hannunsa. "Ba na kwana a ɗakin da ba na ganin yamma. Yarana ma haka." Ya ce in an buɗe taga, shi da mutanensa za su kama gidan gaba ɗaya. In ba a buɗe ba, in yi haƙuri.

Na ce ba komai, ai ba soja kaɗai ne ɗan haya ba. Ashe a wannan wurin shi kaɗai ne. Duk wanda na yi wa tayi cikin gari sai ya ce, "Can ƙarshen yamma? Allah ya kawo mai rabo, Alhaji." Alhajin ma na lura da dariya ake haɗa shi.

Damina ta sauka, benen yana kulle, ƙadangaru ne kawai suka tare. Muka fara auno hatsi a kasuwa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Uwar 'ya'yana kuwa kullum in ta ajiye mini tuwo takan ɗan jima tana kallona.

Gari kuma ya fara canza numfashi. Mutanen ƙauyukan yamma suna shigowa da amalanke, an ɗora gado da tukwane da akuya, ba biki ba suna. Liman ya fara alƙunuti a sallolin farilla. A majalisa, in babura biyu suka wuce a jere da gudu, sai hira ta tsaya cak, kowa ya bi su da ido har su ɓace, sannan wani ya yi gyaran murya a ci gaba. Wata rana saje ya tsayar da ni a hanya, bayan mun gaisa ya nuna gonaki da haɓa.

"Baba, tsayin dawa ya rufe mutum a kan babur."

Abin da ya faɗa ke nan, ya wuce.

Na sayi goro mai kyau na tafi wurin taubashina. Muka zauna a zaure, muka gaisa, na tambayi iyali, na tambayi shanu ɗaya bayan ɗaya, har ya gaji.

"Faɗi abin da ya kawo ka. Ban taɓa ganin ka da goron da ba na roƙo ba."

"Taga ce 'yar ƙarama, can sama kusa da silin. Kyanwa ma sai ta rage ciki kafin ta shiga."

"Sojan ba shi da kujerar da zai taka?"

"To a sa gilashi mai duhu."

"Mai duhun nan ai na ciki ne yake ganin na waje. Ka ɗauka ban taɓa shiga motar ɗan siyasa ba?" Ya ɓare goron ya jefa a baki. "Ka cinye gonar kawu ka mayar da ita bulo, yanzu kuma mutuncin gidana kake so ka haɗa. Tashi, bawa, in ba ka fura ka sha."

Na sha furar. Ya cinye goron. Na dawo yadda na je.

Dawa ta fara kai, wata safiya na zo duba benen sai na tarar da a-kori-kura a ƙofar gidansa. Ana loda gadaje, turmi, buhunan kaya. Mata suna fitowa da yara a goye, ba mai magana da ƙarfi. Na zaga baya, garken shanun ba kowa, tun da asuba aka kora su kasuwa.

Taubashina yana tsaye jikin bango. Ya ce jiya ɗan'uwan matarsa ya zo daga wani ƙauye na yamma. Wasu baƙi a kan babura sun tsaya bakin rijiyarsu sun sha ruwa, suka tambayi masu ɗiba wace hanya ce ta fi kusa zuwa gidan mai shanun nan na ƙarshen Gwarzo. Shi ya sa zai tura iyalin Kano, wurin babban ɗansa.

"Kai fa?"

"Dawata tana gona. In bar wa wa?"

Motar ta tashi. Muka bi ta da ido har ta sha kwana. Sannan ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Kira magininka. Ba sauran wanda za a leƙa."

Ranar bai ce mini bawa ba.

Magini ya zo da guduma. Ina ƙasa ina jin kowane bugu a cikin haƙarƙarina. Kafin siminti ya bushe saje ya iso da mutanensa, suka kama kowane ɗaki, sama da ƙasa. Ba wanda ya zo da mace ko yaro. Abin da suka fara hawa da shi sama ba gado ba ne, buhunan yashi ne, suka jera su ƙarƙashin sababbin tagogin.

Na koma gida na ce wa uwar 'ya'yana, "Hajiya, gida ya cika." Na tarar tana ninke zannuwa tana cusawa a jaka. Ta ce za ta je Kabo ta ga 'yarmu, ta ɗan kwana biyu.

Bayan la'asar na koma wurin taubashina. Na yi sallama a zaure bisa sabo, amsa-kuwwar muryata ta dawo mini. Na shiga. Ya janye tabarmarsa daga inuwar rumfa inda ya saba zama, ya shimfiɗa ta a tsakiyar tsakar gida, a fili, ga rana. Na zauna kusa da shi. Daga nan benena ya yi tsawo fiye da yadda na san shi.

Ya ɗaga kai ya dubi tagogin.

"Sajen naka yana ciki?"

"Yana ciki."

Ya murza carbi.

"Ka ce masa ya riƙa leƙo ni."