Farar Takarda Zuwa Doguwa

Bebeji

Ana sallame sallar asuba na saɓa jaka. Ba tufafi a ciki, sai fallayen farar takarda da Inna ta ciro daga gafakar marigayi Babanmu. Ta naɗe su a zane, ta sa a leda, ta kuma sa a wata ledar.

"Damina ce, Habibu. Gara kai ka jiƙe da su jiƙe."

Ƙanin Babanmu, Baffa Alaramma, yana wani ƙauye gaba da Doguwa, ya yi shekara da shekaru yana rubuta Alƙur'ani da ka. Yana izun ƙarshe takarda ta ƙare masa, ga yanar ido tana rufe masa gani. An kai masa ta shagon fotokwafi ya ce tawada tsotsewa take, ba ya so. Tasa irin ta da ce, shi da Baba suka saya suka raba tun suna samari, Baba kuwa ya rasu bai gama rubuta nasa ba. In ban kai ta idon Baffa yana gani ba, shi ke nan.

Kwanar Dangora

Acaɓa ya sauke ni rana na ɗagowa. Ni da nake koyar da Turanci, makon jiya na sa ɗalibai su lissafo amfanin takarda, suka tsaya a karatu da jarrabawa. Da ma nan na kawo su! Mai ƙosai tana zubawa a tsohuwar jarida, amma sai ta duba ciki da baya tukuna, kada ta naɗe abinci da sunan Allah. Direban motar da na shiga ya toshe tagar da ba gilashi da kwali. Ya ce jakata ta tafi but.

"A cinyata za ta zauna."

"Jariri ne, Malam?"

"Ya girme ka," na ce, mota ta kwashe da dariya.

Tudun Wada

A shingen da ke kafin gari jami'i ya ce in buɗe. Ya juya falle, ya sake juyawa.

"Ba rubutu? To wahalar ta mece ce?"

Na ɗaga masa ita saitin rana. Jinjirin wata uku suka bayyana a cikin jikinta, a jere. Ya daɗe yana kallo, sannan ya goge hannunsa a wando kafin ya miƙo mini.

Wani dattijo mai sayar da iri da ke gefena ya ce a takardar siminti yake ƙulle irin kuɓewa, don leda gumi take sa masa ya ruɓe. Ni ma na ba shi abin da na sani: mutanen Sin suka fara yin takarda, Larabawa suka koya, irin wannan kuwa daga ƙasar Italiya take, da can a bayan raƙuma take keto Sahara. Wallahi abin nan yana burge ni. Tsumma ne aka jiƙa aka daka, ga shi ya fi mai shi daɗewa.

Doguwa

Mun ratsa dajin Falgore hadari na bin mu. Daga Doguwa sai babur, hanyar duk taɓo. Ruwa ya sauko mana kamar da bakin ƙwarya. Na cusa ƙunshin cikin riga, na duƙa a kansa, na ce da mai babur ya taka a hankali. A wani rafi muka zame, na faɗi ta baya da gangan. Har yau ƙuguna yana gaishe ni.

Na tarar da Baffa a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, bai gane ni ba sai da na yi magana. Na kwance leda. Falle biyu na sama sun sha ruwa a gefe, sauran garau.

Bai ɗaga ta a rana ba. Ya shafa, ya kaɗa ta kusa da kunnensa, ta yi ƙara.

"Ita ce. Rabon Yaya ne."

Ya ce ido ɗaya na gani daga hantsi zuwa azahar. Kullum a wannan lokacin nake shimfiɗa masa buzu a bakin ƙofa, ya kai fuska dab da takarda, alƙalamin kara na tafiya. Surorin gajeru ne, amma mun kusa mako. Ran da ya rufe Nasi ya bar wuri a ƙasa, ya rubuta sunan wanda ya rubuta kamar yadda aka saba. Na leƙa, na ga suna biyu, na Baba a gaba.

"Baffa, ai bai rubuta ko wasali a ciki ba."

"Da a kan me zan rubuta?"

Na fita bayan zaure na yi kukana.

Gida

Na iso Bebeji da la'asar, ƙugu na ciwo, godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da mai babur da ya ƙi tafiya sai da ya ga na miƙe. Na ba Inna falle biyun da suka jiƙe, na faɗa mata sunayen. Ta shimfiɗa su a kan gado suka ƙarasa bushewa, ta mayar da su gafaka.