Ranar da Na Kai Baba Ganin Sabon Kan Jirgi

Akwai wata tafiya da muka yi da mahaifina zuwa Kaduna wadda har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun wuce, amma duk lokacin da na ji kukan jirgin ƙasa sai ta dawo mini sabuwa.

Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne. Ya yi ƙuruciyarsa a wurin gyaran kawunan jirgi a Kano, tun ana amfani da na kwal har aka koma na dizal. Da ya yi ritaya sai ya dawo ƙauyenmu kusa da Zakirai ya kama noman gero da gyaɗa. Amma zuciyarsa ba ta taɓa barin jirgi ba. In ana hira bayan la'asar a gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu, ko zancen taki aka fara, sai ya san yadda ya yi aka ƙare a kan jirgi.

Wata rana na zo majalisar da hoton sabon kan jirgin fasinja a wayata, irin wanda aka kawo yake zirga-zirga tsakanin Abuja da Kaduna. Waya ta yi ta yawo hannu-hannu. Liman ya ce shi kam ya burge shi, sumul kamar an wanke. Wani maƙwabcinmu mai sayar da hatsi ya ce gabansa kamar kan tarwaɗa. Aka yi dariya. Da ta iso hannun Baba, ya matso da ita dab da fuskarsa, ya daɗe yana kallo, don a lokacin idonsa ya riga ya fara rauni.

Ya ce, "Wannan ba shi da fuska. Na da, tun daga nesa za ka san ƙarfi ne yake tahowa. Wannan an lulluɓe komai. In ya lalace a daji, ta ina mutum zai sa hannu?"

Ni kuma lokacin ina jin kaina, na gama karatu, na fara koyarwa. Sai na ce, "Haba Baba, zamani ya wuce naku. A hoto kawai ka gan shi, hoton ma da ƙyar."

Baba ya miƙo mini wayar, ya ce a hankali, "Gaskiyarka. To ka kai ni in gan shi."

Na ce in sha Allahu. Daga nan na fara jan ƙafa. Da damina na ce sai an gama noma. Da kaka na ce sai an kai amfani gida. Aka yi hutun makaranta na ce hanya ba lafiya. Wasu dalilan gaskiya ne, amma yau na san da na so da mun je. Shi kuwa bai taɓa matsa mini ba. Inna ce ta gaya mini cewa ya sa an wanke farar rigarsa an ajiye a akwati, wai ta tafiya ce. Kusan shekara biyu muka yi a haka, idon yana ta rufewa. Da muka kai shi asibiti a birni, likita ya ce jijiyar idon ce ta mutu, ganin da ya tafi ba ya dawowa.

Sai a lokacin hankalina ya tashi. Cikin makon na sa shi a mota muka tafi Kaduna, ina riƙe da hannunsa. Muka isa tashar jirgin ƙasa da hantsi, na sama masa wuri a bakin shinge inda ake hango layi. Ba mu jima ba jirgin ya shigo.

Baba ya ɗaga kai, ya buɗe ido iyakar iyawarsa. Ya juya fuska dama, ya juya hagu. Sai ya damƙi hannuna ya ce, "Ina yake?"

Na ce, "Ga shi nan gabanka, Baba."

Ya ce, "Hazo kawai nake gani. Faɗa mini."

Na ce kore ne, da ratsi a jikinsa, yana sheƙi. Ya ce ba fenti yake tambaya ba. Direba daga ina yake zaune, yana hango layi sosai? Akwai wurin takawa a gefe da ƙarfen riƙewa? Ƙofofin injin nawa ne? Ƙafafun fa, nawa ne a gaba? Na tsaya ina kallon jirgin kamar yau na fara ganin ƙarfe. Ni da nake ta yabonsa, ban san komai a kansa ba sai launi. Na fara ƙirga ƙafafun ina in-ina, mutane suna ta giftawa suna tare mini. Kafin in gama, aka busa, jirgin ya ja.

Baba ya karkata kunne yana sauraron injin har sautin ya ɓace. Ina jira ya ce yana da kyau ko ba shi da kyau, ko ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Ya goge ido da bakin rigarsa kawai, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ka yi ƙoƙari. Mu koma gida."

Bayan nan in aka ɗauko zancen jirgi a majalisa, sai ya ce su da suke da ido su faɗa. Kafin damina ta zagayo Allah ya karɓi abinsa.

Abin da na koya, a makare, shi ne tsoho ba shi da lokacin da muke zaton yana da shi. In iyayenka suka nemi wani abu da kake da ikon yi, ka tashi ka yi a ranar. Ni na yi nawa bayan ya daina amfani, kuma babu wanda zan je in ba haƙuri.